Katin Baftismata a Damtsen Mamman

Tun da na dawo daga Kurmi ban huta da tambaya ba. In an tashi daga coci a tare ni a gindin darbejiya, in na shiga kasuwar kara a tare ni, har Saratu matata da ta ji labarin sau uku tana neman na huɗu. Bakina ya gaji. Shi ya sa na sayi littafin 'yan makaranta zan zuba shi sau ɗaya. Wanda ya iya ya karanta, wanda bai iya ba ya nemi mai karanta masa. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, kada wani ya zo yana gyara mini rubutu.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Bitrus, a gidanmu kuma Bawa. Mahauta ne mu tun kakanni, a wani gari kusa da Zariya. Ranar da aka yi mini baftisma kawunmu ya karɓe wuƙar yanka daga hannuna, ya ce ba mai cin yankana. Ban yi gardama ba, na koma rakiyar shanu a jirgin ƙasa. Aikin ba wuya a faɗa: kana cikin tarago da shanu da sanda a hannu, duk wadda ta kwanta ka tashe ta, don in ta kwanta 'yan uwanta za su tattake ta. Hanyar Ibadan nake bi. Gabas ban taɓa zuwa ba.

Kun san abin da ya faru a garuruwanmu bayan sojoji sun karɓi mulki. Ba zan maimaita ba. Ibo suka kwashi kaya suka nufi gida, wasu ba su kai ba. Daga nan aka fara cewa namu da ke can za a rama a kansu. Ƙanena Mamman yana Fatakwal yana fawa shekara tara, kuma rabon da ya yi mini magana tun ranar wuƙar nan. Inna tana kwance, ƙafafunta sun kumbura. Ta sa aka kira ni.

"Bawa, je ka zo mini da ɗan'uwanka."

"Inna, ko gaisuwata ba ya amsawa."

"Ban ce ka je gaisuwa ba."

Ta ba ni daddawar da ta yi da hannunta, ƙulle a tsumman tsohon zaninta, ta juya fuska bango.

Na yi shiri irin na matsoraci. Ina da katin baftisma mai hatimin coci, da sunana da Turanci. Na farke ɗinkin cikin hulata na cusa shi. Dabarar ita ce, in ina cikin namu hula na kai, ni Bawa ne. In na shiga hannun Ibo in cire hula in fito da kati, ni Bitrus ne. Na ɗauka duk ƙasar nan ba wanda ya kai ni wayo.

Na sami tarago biyu na wani dillali da za su Inugu. A Kafanchan aka haɗa mu da taragun fasinja cike da Ibo, mata da tabarmi da tukwane da keken ɗinki. Wani dattijo a cikinsu ya sauko ɗiban ruwa a famfon tasha, ya tsaya yana kallona ta tsakanin katako. Na ce a raina wannan haddace fuskata yake yi. Na shige tsakiyar shanu, wani bijimi ya taka mini ɗan yatsan ƙafa, farcen bai sake fitowa daidai ba har yau.

Iyakar Arewa da Gabas ba ta da bango ko ƙofa. Ka ƙetare gadar Binuwai a Makurɗi, sojojin da ke wurin suna jin Hausa, suna ma tambayarka kuɗin bijimi a Kano. Ka yi gaba kaɗan, bishiyoyi su yi duhu, jirgi ya tsaya a wata ƙaramar tasha, sai ka ga kakin ɗaya ne amma ba mai amsa sannu. Wani soja ya buga taragona da gindin bindiga. Na sauko, na cire hula na zaro kati. Ya karanta, ya dube ni daga sama har ƙasa, ya kira abokinsa suka yi dariya, ya miƙo mini abina ya yi gaba. Daga wannan rana na riƙa taɓa hulata kamar mai ciwon kai. In iska ta kaɗa, hula. In na yi gyangyaɗi na farka, hula. Addu'a kuwa ban tuna na yi ko ɗaya ba a cikin jirgin nan.

A Inugu aka sauke shanu. Gari ne na kwal, in ka share hanci sai baƙi. Dillalin ya haɗa ni da maigidansa, Alhaji Sambo, a unguwar Hausawa kusa da kasuwar Ogbete. Yadda ake yi a can, duk baƙon da ya zo da shanu maigida ne zai ba shi ɗaki da tuwo har a sayar. Alhaji ɗan siriri ne mai furfura, Bakano, ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gajiya da ruwa da mutanen gida, idonsa kuma yana kan ƙafata zuwa hulata.

La'asar ta yi, aka jera a ƙofar gida. Na zauna a kan turmi.

"Malam Bawa, ga buta."

"Allah gafarta Alhaji, wandona duk kashin shanu ne. Sai na wanke."

Ya dube ni. Mutum biyu da ke alwala suka daina.

"Ka ce ku mahauta ne?"

"Tun kakanni."

"To ɗan mahauta ya san kashin shanu ba ya hana salla."

Na sani kuwa. Tun ina yaro na sani. Tsoro ne ya sa na ɗauko ƙaryar da ba ta da ƙafa. Da suka idar ba wanda ya zauna kusa da ni. Na ji wani yana cewa kwanan nan ana aiko mutane su ƙirga gidajen unguwa, su san ƙofa nawa ce. Wani ya ce ai da ganin tsagar fuskar nan ba ta Zazzau ba ce, alhali irin ta ubana ce sak. Alhaji ya kira ni zaure.

"Kai wane ne?"

Na cire hula. Ya juya katin, bai iya karantawa ba, amma ya ga gicciye a jiki.

"Da ka faɗa tun farko. Kirista na san inda zan ajiye shi. Maƙaryaci ne ban san inda zan ajiye ba."

Ya sa aka ware mini kwano da moɗa. Aka kawo teba da miyar ganye, manja ya yi mata jajir. Na zauna ina juya loma, ina tunanin me ya sa aka ware mini kwano, me aka zuba a nawa da babu a nasu. Na bari sai da kazar gidan ta ci ta yi tafiyarta lafiya. Alhaji yana kallona daga kan buzunsa, ya girgiza kai kawai.

Washegari Lahadi. Na ce bari in je inda nawa suke. Na bi ƙarar ƙararrawa har wani babban coci, da rigata da hulata a hannu. Mai tsaron ƙofa ya tare ni, na nuna kati, ya kai ni bencin ƙarshe. Mutum huɗu ne a bencin. Kafin a gama waƙar farko ni kaɗai ne. Muryar waƙar irin tamu ce, na san inda take hawa da inda take sauka, amma na kasa buɗe baki, don in na rera da Hausa kowa zai juyo. Su a can mata suna rawa zuwa gaba da baiko, doya da ƙwai a kai, abin da a cocinmu Fasto zai yi wa'azin wata guda a kansa. Ban ga laifinsu da suka tashi daga bencin ba. Wata mata a gabana tana ta kuka ba sauti, ban san wa ta rasa ba. Na fita kafin a sa albarka, ina waiwaye har unguwa.

Daga Inugu na hau jirgin fasinja zuwa Fatakwal. A can ruwan sama ba ya neman izini, ba hadari ba iska, sai dai ka ji shi a ka. Unguwar Diyobu da na sauka kuwa gidaje ne na kwano a manne da juna, ana bi ta kan katako saboda taɓo. Ga warin wani busasshen kifi mai tauri kamar icce da suke saya da tsada, ga dodon koɗi an jera a faranti ana ciniki kamar tsoka. Na ce a garinmu ko mahaukaci ba ya ɗaukar wannan. Wani mai tsire Bakatsine ya ce mini, su ma haka suke cewa a kan fara.

Shi ya nuna mini hanyar kwata. Na sami Mamman yana fiɗa, da gajeren wando, ba hula, yana zazzaga wa wata mata Turancin buroka kamar a nan aka haife shi. Ya ɗago ya gan ni. Bai ajiye wuƙa ba.

"Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu tukuna. Inna ce ta aiko ni."

"Inna ta rasa wanda za ta aika sai kai?"

"Sauran suna da hankali."

Ya ci gaba da fiɗa. Ya ce ya san dabarar, kawu ne yake so ya dawo ya riƙe masa rumfa, aka laƙa wa tsohuwa ciwo. Ya ce nan lafiya lau ake, maigidan da yake haya a wurinsa mutumin kirki ne, jita-jita ce ta 'yan Arewa. Yana faɗa yana duban bakin ƙofar kwata. Na zaro ƙullin na ajiye a kan teburinsa. Kwana biyar daddawar nan tana jikina tare da shanu, amma da ya kwance, ita ce ta rinjayi warin kwata. Ya daɗe yana duban tsumman. Ya goge wuƙa ya sa a kube.

Duk da haka sai da muka ƙara kwana biyu. Ɗakinsa ɗaya, ya ba ni tabarma, ya ware mini kwano shi ma. A rana ta biyu maigidan nasa ya zo da safe, wani mai ƙiba da zani ɗaure a ƙugu, ya tsaya a bakin ƙofa ya yi magana a hankali, bai shigo ba. Da ya tafi na tambayi Mamman.

"Ya ce shi ba ya korata. Amma yaran unguwa sun daina jin maganarsa."

Na ce wannan so yake ka tafi ya gaje gadonka da rediyonka. Mamman ya ce shekara tara mutumin nan bai taɓa cin ko sisinsa ba. Na ce yanzu zai ci. Haka nake a lokacin, ko ruwa aka ba ni sai na duba ƙasan moɗa.

Dattawan unguwa suka ce kada mu bi tashar jirgi, ana jiran mutane a can. Mu hau babbar mota zuwa Anacha, mu ƙetare kogin Kwara, mu zagaya ta yamma. Da la'asar ɗin ranar na zauna na yi lissafi. Ni in an tare ni ina da baki, na san addu'a, na san waƙa, na san sunayen manzanni. Mamman ba shi da komai sai tabon salla a goshi. Na zaro katin daga hulata. Wallahi hannuna bai so ba. Na miƙa masa.

"Mene ne?"

"Katin baftismata. In an tsayar da mu ka nuna. Ba sai ka ce komai ba, su za su karanta."

"In ce ni Kirista ne?"

"Na ce ba sai ka ce komai ba. Ni a gabana soja ya karanta ya sake ni."

"Da sunan Allah a ciki?"

"Akwai."

Ya karɓa da hannu biyu, ya ce zai je sallama da mutane, ya fita. Ni kuma na zauna da hula fanko, ina jin kamar an cire mini ƙofar ɗaki.

Da sassafe muka hau motar, mai bodin katako, benci a jere, mu biyu kaɗai 'yan Arewa. Na sa Mamman ya ja hular sanyi har gira. Wadda ke fuskantarmu wata mace ce mai shekaru kamar nawa, baƙin zani, baƙin ɗankwali, fuska a ɗaure. Tun da muka zauna take kallonmu. Bayan mun wuce Oweri ta kwance bakin zani ta fito da goro ɗaya, irin nasu mai ɓari huɗu da muke kira hannun ruwa, ta miƙo mini. Na karɓa don kada a ce na ƙi. Na jira in ga ta ci nata. Ba ta fito da wani ba, ta zuba mini ido kawai.

Na ce wa Mamman da Hausa, ban ko rage murya ba, "Ka ga ita ba ta ci ba. Kada ka sa a baki."

"Goro ne fa."

"Goron mayya. Dubi idonta. Irin waɗannan ne ke nuna mutum a tasha."

Na jefa shi aljihu. Matar ta mai da kanta waje.

Rana ta take tsaka muka tarar da gungume a kan hanya, da ganyen kwakwa a kai. Samari ne kamar goma, da adduna, ɗaya da bindigar toka. Ba soja ba ɗan sanda. Aka ce kowa ya sauko. Ba su ɓata lokaci ba, tsagar fuskarmu ta gama magana. Aka ware mu gefen kwalbati, sauran fasinja suka koma jikin mota. Babbansu dogo ne mai jar riga, idonsa kamar bai yi barci ba kwana uku.

Na ce, "Mamman, katin."

Ya naɗe hannun riga. A damtsensa ga sabon kambu na jar fata, an ɗinke shi tsaf, har da ɗan tuntu.

"Mene ne wannan?"

"Shi ne. Na kai wa baduku jiya."

"Ka ɗinke shi?"

"Takarda mai sunan Allah a aljihun mahauci, cikin jini da kitse? Ai wulaƙanci ne. Baduku ya ninka shi takwas, ya datse gefen da ya yi yawa."

Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba, irin wadda ba daɗi a cikinta. Na yi wa mai jar riga alama ya yanke ya buɗe. Ya taɓa kambun da bakin adda, ya ja da baya, ya ce juju. Ba wanda ya yarda ya sa hannu. Mamman kuma ya dafe damtse ya ce ba a buɗe laya.

Na shiga buga ƙirji ina cewa Bitrus, Kirista, Bitrus. Mai jar riga ya yi tambaya da buroka. Ni ba na ji, sai Mamman ne tafinta.

"Ya ce wace ce uwar Annabi Isa."

Na faɗa.

"Ya ce wa ya sayar da shi."

Na faɗa.

"Ya ce a kwana na nawa ya tashi. Ni dai faɗa maka nake, ban ce ya tashi ba."

Na ɗaga yatsa uku. Mai jar riga ya dubi 'yan uwansa, ya tura ni da gefen adda wajen mota. Ya cire wa Mamman hular sanyi, ya danna yatsa a kan tabon goshinsa.

"Ya ce kai ka hau. Ni in tsaya." Muryar Mamman ba ta canza ba. "Tafi. Ka ce wa Inna na ga daddawar."

Nan ne wurin da kuke yawan tambayata, kuma nan ne ba ni da abin faɗa mai yawa. Daga inda nake zuwa motar bai fi taku goma ba. Na yi uku. Sai na ga kaina ina shiga ɗakin Inna ni kaɗai. Na juyo, na zo na zauna a ƙasa kusa da ƙafar Mamman, cikin jan taɓo. Ba jarumta ba ce. Amma da na zauna, wani abu ya faɗo mini a rai a fili: tun daga Zariya laya nake ɗauke da ita a hula. Mamman fata kawai ya sa mata. Na bar Yesu a gida na ɗauko takardarsa. Shi kuwa ya san sunana ba da hatimi ba, ya san na Mamman, kuma yana wurin nan bakin kwalbati ko an sare mu ko an sake mu. Da na gane haka, nauyin da ke ƙirjina tun ranar da Inna ta kira ni ya sauka, kamar an sauke mini buhun gishiri. Na ji kukan tsuntsaye. Na ji ɗan yatsana yana zafi. Ban ga haske ba, ban ji murya ba, kada wani ya ƙara mini gishiri in ya je ba da labari. Salama ce kawai, irin wadda Fasto ke faɗa ina gyangyaɗi.

Na cire hula na yi addu'a da ƙarfi, da Hausa, abin da na kasa yi a cocin Inugu. Na roƙa wa Inna, na roƙa wa Mamman. Na roƙa wa mai jar riga, ba don ina sonsa ba, bakina ne ya kai can. Ɗaya daga cikinsu ya shure ni da ƙafa a haƙarƙari, na ci gaba.

Sai na ji muryar mace. Mai baƙin zani ce ta baro jikin mota. Ta zo har gaban mai jar riga, ta fizge ɗankwalinta. Kanta a aske ƙwal, yadda matansu ke yi in miji ya mutu. Ta yi magana da yarensu, ba ihu, tana nuna kanta, tana nuna su ɗaya bayan ɗaya. Mai jar riga ya amsa sau biyu, na uku bai amsa ba. Mai bindigar toka ya sauke bakin bindigar. Can wani ya je ya ja gungumen.

Ta juyo kaina ta ce, da Hausar Kano tsantsa, "Tashi, Malam, ka kakkaɓe rigarka. Direba ba zai jira ba."

Da ƙasa ta tsage da na shige.

A mota na tambayi Mamman a kunne me ta ce musu. Ya ce bai ji duka ba. Ta tambaye su wa suka rasa, kowa ya faɗi nasa. Ta ce ita miji ta rasa, ko gawarsa ba ta gani ba, in ramuwa ce ita ke da ta farko, kuma ta ce ba a wannan hanya ba, ba a gabanta ba.

Na daɗe kafin na iya ɗaga ido. Na ce, "Baiwar Allah, ki yafe mini."

"Mayya ba ta yafiya."

"Na yi kuskure."

"Shekara ashirin da biyu ina Sabon Gari. Mijina tela ne, rabin rigunan sallar unguwar Fagge shi ya ɗinka." Ta gyara ɗankwali. "Ba don kai na sauka ba. Na gaji da gani ne. Kuma na ji ka sa yaron can a addu'a. Goron yana nan?"

Na zaro shi.

"A wurinmu mace ba ta fasa goro. Namiji babba ake ba, ya sa albarka, ya fasa, ya raba. Tun Oweri nake jira ka ba ni nawa."

Na riƙe shi a tafin hannu na sa albarka yadda na iya. Na fasa, ɓari huɗu. Na ba ta, na ba Mamman, na ba wani tsoho da ke gefe, na ci ɗaya. Yauƙi gare shi, bai kai namu daɗi ba, gaskiya ce. Na cinye.

Ta sauka kafin Anacha, a wata mararraba, ta ɗora kwandonta a ka. Na tambayi sunanta, ta ce a Kano Maman Ngozi ake ce mata, yanzu kuma ba ta sani ba. Ba ta waiwayo ba.

Unguwar Hausawa ta Anacha tana kusa da kogi, rabin ƙofofin da kwaɗo. Limamin unguwar, tsoho mai ido ɗaya, shi ya sauke mu. Ya ce ba zai tafi ba sai ya ga bayan mutum na ƙarshe. Da aka kira magariba ya miƙo mini buta, na ce, "Allah gafarta Malam, ni Kirista ne, yayan wannan." Ya ce to, ya miƙa wa Mamman. Aka kawo tuwon shinkafa, na ci ban nemi kaza ba. Da safe muka bi sabuwar gada muka ƙetare Kwara, daga nan mota uku, ɗaya ta lalace a Okene muka tura, har Lakwaja, har gida. Ba abin faɗa a wannan sai ciwon baya.

Mun sami Inna da rai. Idonta ya riga ya tafi, sai ta shafa Mamman tun daga ka. Hannunta ya tsaya a damtse.

"Wane malami ya ba ka wannan?"

"Yaya ne ya ba ni."

Rabon da ya kira ni haka, tun ina riƙe da wuƙa. Inna ta ce, "To," ba ta saki damtsen ba. Ta yi kwana goma sha ɗaya ta rasu.

Har yau ban sani ba ko wauta ce ta kai Mamman wurin baduku ko wayo, don da katin a ɗinke bai ƙi kyautar da na yi masa ba kuma bai yi ƙarya a kan addininsa ba. Na tambaye shi, ya ce in bar shi yana aiki. Kwanona a gidansa har yanzu daban ne. Ni ma ban zama waliyyi ba, jiya ma na zargi maƙwabcina da satar mini igiya, ashe tana ƙarƙashin gado. Tsoro yana zuwa, musamman in an kunna rediyo. In ya zo nakan tuna bakin kwalbatin nan, in zauna, in yi addu'a da ƙarfi, ya wuce.

Fasto ya rubuta mini sabon kati, da hatimi da komai. Sau biyu yana aiko a ce in je in karɓa. Na ce ya ajiye a akwatin coci, in na mutu a duba a san shekarata. Saratu ta ɗinke mini cikin hular. Tsohon kuwa yana damtsen Mamman, yana fiɗa da shi kullum a rumfar kawu, na ce ya ba ni abina ya ce kyauta ba ta komawa.